Daga Zango Zuwa Teburin Mai Shayi: Tarihin Cin Abinci a Waje Tsakanin Tsafe, Gusau da Bunguɗu

Duk wanda ya taso daga Funtuwa a mota zai tafi Sakkwato, sai ya ratsa garuruwa uku a jere: Tsafe, Gusau, sannan Bunguɗu. Hanya ɗaya ce ta haɗa su, kuma a bakinta ne sana'ar sayar da dafaffen abinci ta girma a wannan yanki na Zamfara. A yau ba ma mamaki idan muka ga magidanci ya shiga gidan abinci ya ci shinkafa da kaza, ya ciro waya ya biya. Da kakanninmu ne suka gan shi, sai sun tambaya ko lafiya, ko kuwa uwargida ta yi yaji ne. Tsakanin wancan zamani da namu akwai shekara fiye da 200, kuma abubuwan da suka sauya mu sun haɗa da fatauci, jirgin ƙasa, gyaɗa da auduga, albashin wata, doka, sai kuma rashin tsaro. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin da cin abinci a waje yake abin kunya

A tsohuwar al'adarmu, mutumin kirki a gidansa yake cin tuwo. Bayan sallar magariba ko isha'i kowane magidanci zai sa a fito da akushinsa ƙofar gida ko zaure, maƙwabta su haɗu a tabarma ɗaya, a buɗe na wannan a cinye, a jawo na wancan. Wannan ita ce ciyayya. Amfaninta ya wuce cika ciki: wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ranar nan zai ci ya ƙoshi ba tare da ya buɗe baki ya roƙa ba, kuma in an ga kwana biyu akushin wani bai fito ba, an san akwai matsala, sai a taimaka masa a ɓoye.

Baƙo ma yana da nasa tsarin. In ya iso gari ya nufi ƙofar mai unguwa ko ta liman, a ba shi zaure, a aiko masa da ruwa da fura, da dare a kawo tuwo. Almajiri yana da gidajen da yake bara. Saboda haka wanda aka gani zaune a kasuwa yana cin tuwon saye, ana ɗaukarsa gwauro ne, ko tuzuru, ko wanda ba shi da kowa a garin.

Duk da haka cinikin abinci yana nan tun da daɗewa, sai dai a cikin gida ake yin sa. Matan aure da ke kulle su ne ke daka fura, su toya masa da ƙosai, su yi ɗanwake da ƙuli-ƙuli da hoce, 'yan mata su ɗauka a kai su zaga gari suna talla. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, kuma a littafinta na 1972 ta nuna yadda wannan ciniki na cikin gida ya zama wata babbar kasuwa da baƙo ba ya gani. Abin da ta gani a can shi ne abin da iyayenmu mata ke yi a Tsafe da Bunguɗu. Bambancinsa da gidan abinci shi ne babu wurin zama: ka saya, ka kai zaure ko gona ko rumfarka, ka ci a can.

Wurare biyu ne kawai al'ada ta yarda namiji ya tsaya ya ci a bainar jama'a ba tare da an ɗaga masa gira ba. Na farko gindin bishiyar da matan Fulani ke ajiye ƙoren nono, a dama maka fura ka sha da ludayi. Na biyu tukubar mahauci. A 1824 Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya shiga kasuwar Kano, ya kuma bayyana yadda ya ga an hura wuta an kewaye ta da tsinkaye, an jera ƙananan yankan nama da kitse a jikinsu suna gasuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tsire a Gusau zai gane abin da yake nufi, domin har yau tukuba ba ta sauya kamanni ba.

Zango da fatake

Kafin a kafa Gusau, babban gari a wannan yanki shi ne 'Yandoto, wanda ya yi suna da malamai da fatake. Bayan faɗuwarsa a farkon shekarun jihadi, Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau a wajajen 1811, a bakin gulbin Sakkwato. Har yau sarautun garuruwan uku na ɗauke da wannan tarihi: Sarkin Katsinan Gusau, 'Yandoton Tsafe, Sarkin Fulanin Bunguɗu. Da Sakkwato ta zama cibiyar daula, sai hanyar da ke haɗa ta da Kano da Zazzau ta ƙara muhimmanci, manzanni da malamai da ayarin fatake suna kai da kawo a kanta.

Ayari ba ya shiga zauren kowa, domin mutane ne masu yawa da jakuna da kaya. A bayan gari suke sauka, a zango. Bafatake yana tafe da guzurinsa, abin da ba ya lalacewa da wuri: kilishi, dakuwa, gumba, ƙuli-ƙuli. Amma wanda ya yini yana kora jaki yana son abu mai zafi. Da labarin saukar madugu ya shiga gari, sai mata su ɗora tukwane, yara su kwaso tuwo da fura da itace da harawar dabbobi su nufi zango, a biya su da wuri. Attajirin da ya saba da gari kuma yana da fatomansa, wato mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki da abinci, ya kuma nemo masa masu sayen goro ko kanwa, ya sami la'adarsa. A nan ne abinci ya fara zama abin da ake sayar wa baƙo, bayan a da kyauta ake ba shi.

Ba mu kaɗai muka bi ta wannan hanya ba. A Ingila, yawancin tsofaffin masaukan da ke ƙauyukansu sun girma ne a bakin hanyoyin keken doki, inda matafiya ke sauya dawaki su ci abinci su kwana. Da jirgin ƙasa ya zo musu daga shekarun 1830, masaukai da yawa suka mutu, waɗanda suka saura suka koma wurin haɗuwar mutanen ƙauye. Abin da ya bambanta shi ne, a can giya ce ta riƙe wurin. A zangonmu kuwa rijiya ce, da inuwa, da wurin salla, da ƙwaryar fura.

Jirgi ya iso, tasha ta maye gurbin zango

A watan Fabrairun 1903 aka gwabza tsakanin mayaƙan Kano da sojojin Turawa a Kwatarkwashi, tsakanin Tsafe da Gusau, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada. A watan Maris Sakkwato ta faɗi. Turawa suka kawo haraji da kuɗin ƙarfe, anini da kwabo da sisi da sule suka kori wuri. Amma abin da ya fi sauya cimar mutane shi ne layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929.

Jirgin bai kai Sakkwato ba, kuma wannan ya yi wa Gusau rana. Duk kayan da za su tafi Sakkwato a Gusau ake sauke su a ɗora a mota, duk gyaɗa da auduga da fatun da za su tafi teku a nan ake tara su. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga. Da kaka ta yi sai gari ya cika da 'yan dako, da leburori, da 'yan cirani, da manoman da suka kawo amfanin gona a kan jakuna suna jiran a auna. Waɗannan dubban maza ne da suka baro matansu a ƙauye, kuma ga kuɗi a aljihu. Babu zauren da zai iya ciyar da su.

Daga nan 'yan tuwo-tuwo suka fito fili. Yawancinsu zawarawa ne da tsofaffin mata waɗanda kulle bai hau kansu ba. Suka kafa rumfuna kusa da tasha da kasuwa, da benci da randar ruwa da kwanon wanke hannu, suna tuƙa tuwon dawa da miyar kuka ko ta kuɓewa ko ta sure, mai hali ya ce a sa masa nama da man shanu. 'Yan daudu ma suka shiga sana'ar, suka yi suna wajen soya kaji da dafa ƙwai da farfesu a tashoshi. Saboda irin mutanen da ke taruwa a waɗannan wurare, sai kunyar da ake ji ta ƙaru: aka riƙa haɗa cin abincin tasha da zaman bariki. Uwa za ta gargaɗi ɗanta kada ta ji an gan shi a gidan tuwo. Mutane kuwa ba su fasa ci ba, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Jirgi ya kawo wasu baƙin kuma: ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, Yarabawa da Ibo da sauransu, waɗanda suka zauna a Sabon Gari. Da su teba da sakwara da miyar agushi da manja suka zauna da gindinsu a Gusau, haka ma biredi. Su ne kuma suka yaɗa tsarin ɗaki mai tebur da kujeru da labule a ƙofa, wanda mutanenmu suka kira otal ko da babu ɗakin kwana a cikinsa.

Batun giya yana da nasa tarihin. Maguzawa sun daɗe suna dafa tasu daga dawa. Ta kwalba kuwa, yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, kuma gwamnatin Lugga ta bi wannan a Arewa, ta hana sayar wa 'yan ƙasa. Aka bar ta da lasisi a kulob ɗin Turawa da unguwannin baƙi. Shi ya sa gidan giya a Gusau bai taɓa zama dandalin unguwa kamar na ƙauyen Ingila ba. Ya tsaya a gefen gari, wanda ya shiga yana waige-waige.

Bunguɗu kuwa layin dogo bai ratsa cikinta ba, don daga Gusau ya karkata arewa. Rabonta ya zo ne ta hanyar mota. Direbobin da ke jigila tsakanin Gusau da Sakkwato su ne suka raya masu abincin bakin titinta, tare da masu zuwa cin kasuwa daga ƙauyukan da ke kewaye.

Masaƙa, kwalta da mai shayi

Bayan samun 'yancin kai a 1960, Gusau ta zama garin masana'antu. Aka buɗe masaƙa da injin matsar man gyaɗa, aka fara aikin karɓa-karɓa, wasu su shiga da safe, wasu su kwana suna aiki. Wanda ya tashi daga aiki da tsakar dare ba zai tashi matarsa ta hura wuta ba. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun sa 'yan kudu da yawa sun tafi, wasu rumfunan suka koma hannun 'yan gida, bayan 1970 kuma da dama suka dawo. Sai kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata ariyas ɗin Udoji a 1975, motoci da babura suka yawaita. Shinkafa, wadda a da abincin salla da biki ce a gidaje da yawa, ta zama ta yau da kullum a faranti.

A wannan zamanin ne teburin mai shayi ya kafu sosai. Shayi kansa ya daɗe da isowa ta hamada a hannun Larabawa da Buzaye, kuma farin 1973 da 1974 ya koro Buzaye da yawa garuruwanmu da 'yan butocinsu. Amma teburin da muka sani, mai tulin biredi da gwangwanayen madara da Bournvita da kwalin Lipton da kiret ɗin ƙwai, ɗan birni ne. Ya samu karɓuwa saboda dalilai uku. Namiji ne ke riƙe da shi, don haka babu zargin da ake yi wa gidan tuwo. Yana buɗe da asuba da kuma tsakar dare, lokacin da murhun gida ke kashe. Sannan akwai rediyo a kansa, a ji labaran BBC a yi musu a kan siyasa da ƙwallo. In muna neman abin da ya yi kama da dandalin da Turawan ƙauye ke haɗuwa da yamma, to teburin mai shayi ne, da shi da majalisar ƙofar gida.

Matsin tattalin arziki ma ya bar alamarsa a faranti. Daga 1986, da aka karya darajar naira, nama ya fara fin ƙarfin talaka. A 1987 aka hana shigo da alkama, biredi ya yi tsada. Garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, ya zama abincin ɗalibi da lebura. Awara, da ake yi da waken suya, ta yaɗu a shekarun 1990 ta zama naman wanda ba shi da kuɗin nama. A tsakiyar shekarun nan ne kuma aka fara yin Indomie a cikin Nijeriya, ba a daɗe ba ta hau teburin mai shayi ta zauna kusa da ƙwai. Jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya har ya daina zuwa, masaƙa ta durƙushe, tashar mota ta gaje cinikin duka.

Sabuwar jiha, sabuwar doka

Ranar 1 ga Oktoban 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Zamfara daga jihar Sakkwato, Gusau ta zama babban birni. Ma'aikata suka dawo daga Sakkwato, da yawansu ba su sami gidan da za su kawo iyali nan da nan ba. Ga 'yan kwangila, ga bankuna, ga baƙin gwamnati. Gidajen abinci masu fanka da firji da jerin abinci a bango suka ƙaru. Ma'aikacin da ke ofis daga safe zuwa la'asar ba ya jin kunyar a gan shi da faranti, don kowa ya san dalilinsa.

Ranar 27 ga Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a watan Janairun 2000. Aka hana sayar da giya, aka rufe gidajen karuwai da na caca. Tarihin gidan giya na fili a wannan yanki ya tsaya nan. Wani sakamakon da ba a cika ambata ba shi ne, da aka raba abinci da giya, sai gidan abinci ya rage baƙin jini. Sannu a hankali ya zama wurin da mutum zai iya kai iyalinsa da salla, ko ya aika a sayo wa mai jego farfesu. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, ga kwalejin ilimi ta tarayya da ke garin da ta kiwon lafiya da ke Tsafe, ya ƙara yawan matasan da ke zaune nesa da tukunyar gida. Da su shawarma da soyayyen dankalin Turawa da yogot suka samu kasuwa.

Hanya ta yi tsanani

Daga wajajen 2011 matsalar ɓarayin shanu ta rikiɗe ta zama ta 'yan bindiga masu satar mutane. Sunayen Magazu da Kucheri da Wanzamai, waɗanda a da zango ne kawai a bakin direba, suka koma sunayen da ake ji a labarai. Direbobi suka daina tafiyar dare, fasinja ya daina cewa a tsaya a ci abinci, burin kowa ya wuce da rana tsaka. Mai shayin bakin titi da ke samun rabin cinikinsa bayan isha'i ya fara kwashe tebur da wuri. Matan Fulani da yawa sun daina shigowa da nono, wasu don shanun sun tafi, wasu don tsoron hanya, wasu don tsoron kallon da za a yi musu a gari. Manomi ya kasa zuwa gonarsa mai nisa, dawa da gero da itace duk suka yi tsada a hannun mai tuwo.

A farkon Satumban 2021 gwamnati ta dakatar da kasuwannin mako-mako da safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. An yi hakan ne don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya da labari, amma mai masa da mai tsire da 'yar tuwo-tuwon da ke jiran ranar kasuwa su ma sun ji a jikinsu. Sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya tilasta wa har mai ƙosai karɓar kuɗi ta waya, sai cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun shekarar, wanda ya ɗaga farashin komai.

Wani abin lura shi ne, waya ta mayar da ciniki cikin gida, inda ya faro. Matar aure a Tudun Wada ko Samaru tana dafa abinci a kicin ɗinta, ta sa hotonsa a WhatsApp, a turo mata kuɗi, ɗan acaɓa ya kai. Talla ce irin ta kakanninmu, an dai sauya farantin kai da allon waya. Mu da ke sana'ar rubuta manhaja muna yawan maganar gina tsarin kai abinci gida, amma watannin da aka yi babu layi sun nuna mana iyakarmu. Duk manhajar da za mu rubuta tana jingine ne da layin waya, da babur mai mai, da hanyar da ɗan aike zai bi ya dawo lafiya.

Abin da ya rage mana

Littattafan tarihi sun adana sunayen sarakuna da gwamnoni da ranar da jirgi ya iso. Ba su adana sunan matar da ta ciyar da 'yan dakon tashar Gusau shekara 30 ba, ko mahaucin da tukubarsa ta aurar da 'ya'ya goma a Tsafe, ko mai shayin Bunguɗu da direbobi ke ba ajiyar saƙo. Da kuɗin tuwo aka biya wa wasunmu makaranta, aka yi wa wasu kayan ɗaki, aka kai wasu tsofaffi Makka. Waɗanda suka ga zamanin jirgi da masaƙa da idonsu suna ta raguwa, wasu kuma gudun hijira ya raba su da garuruwansu.

Mai karatu, wayar da kake karanta wannan da ita tana ɗaukar murya. In akwai tsohuwa a unguwarku da ta taɓa tuƙa tuwon sayarwa, je ka gaishe ta, ka nemi izininta, ka tambaye ta nawa take sayar da malmala, su wa ke ci, wane ne ya ci bashi bai biya ba, yaushe ta daina kuma me ya sa. Ka tambayi mahaifinka su wa suke ciyayya da su, da shekarar da akushi ya daina fitowa ƙofar gida. Ka ajiye abin da ka ji, ka tura wa 'yan'uwa.

Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya buɗe hanyar Tsafe da ta Bunguɗu dare da rana, ya sa albarka a tukunyar duk mai neman halak.